Ranar da Balki Ta Kira Sunan Baffanta

Turawa ba su bar komai babu suna ba, har zaman banza. Abin da mu muke kira zaman jiran admishan, wato yarinya ta gama sakandare ta zauna a gida tana wanke-wanke har jami'a ta tuna da ita, su sun raɗa masa suna mai daɗi, wai shekara ce da matashi yake ɗauka don ya san kansa. A irin wannan shekara Balki ta zo mana New York, cikin Afrilun dubu biyu da sha biyar, da jaka ɗaya, da hijabi mai jan ƙasa, da muryar da sai ka kai kunnenka bakinta kafin ka ji.

Balki 'yar yayan mijina ce. Tana 'yar firamare mahaifinta ya rasu a kogin Wudil, ranar kasuwa, kwalekwale ya kife da su. Ba nisa suka yi da gaɓa ba. Mutane suna tsaye suna kallo suna salati, babu wanda ya san abin da zai yi. Tun daga ranar mijina, Baban Faruƙ, ya ɗauki nauyinta daga nan Amurka, makaranta da sutura da kayan Sallah. Baffa take ce masa. Mahaifiyarta ta taɓa gaya mini cewa ko a waya yake magana da ita sai ta durƙusa, alhali ba ganin ta yake yi ba.

Ita ta nemo makarantar da kanta a waya, a cikin zaman jiran nan. Makaranta ce da ke horar da masu koyar da harkar ruwa da daji, tuƙin ƙaramin kwalekwalen roba da suke kira kayak, da ninƙaya, da ceton wanda ruwa ya ci, da hawan dutse da igiya. Wata ƙungiya ta ɗauki nauyin karatun, masauki kuma aka ce ta nemi nata, shi ne ta sauka a gidanmu na unguwar Park Hill, a ɗakin Faruƙ da ya tafi kwaleji. Abin da take so ba ɓoyayye ba ne. Tana so ta koma ƙauyensu ta koya wa yaran da ke haye kogin nan kullum yadda ake ninƙaya da yadda ake sa rigar kariya. Amma kowa ya san takardar Turawa kaɗai ba za ta sa wani uba a ƙauyen ya miƙa ɗansa ga yarinya mace ta kai shi ruwa ba. Sai da bakin Baban Faruƙ. Liman abokin wasansa ne, Sarkin Ruwa tare suka tashi, kuma shi ya yi wa masallacin garin rufi. In ya ce a ba ta yara, za a ba ta.

"Ke dai ki kawo takardar," in ji shi ranar da ya ɗauko ta daga filin jirgin sama na JFK, inda yake sana'ar tasi. "Magana tawa ce."

Ta sunkuyar da kai ta ce wani abu. Har yau ban san me ta ce ba.

Ni aikin kula da tsofaffi nake yi. Matar da nake yi wa aiki a lokacin kunnenta ya tafi, wuni nake ina daka mata kira kamar mai tallar kifi. In dawo gida a gajiye in tarar da wadda sai na riƙe numfashi kafin in ji ta. Sai in ce, "Balki, don girman Allah ɗaga murya, ba kuɗi ake biya ba." Ta yi murmushi ta ƙara yin ƙasa da ita.

Ba a daɗe da fara karatu ba malamarsu ta zo gidan. Akosua sunanta, 'yar Gana, doguwa, damatsanta kamar na mai daka. A kusa da zangon Kumasi ta tashi, don haka tana jin Hausa irin tasu, wadda mace da namiji duk ɗaya ne. Ta zauna ta ci tuwo sosai, sannan ta dube ni ta ce, "Maman gida, yaron ka ya iya ruwa, ya iya igiya, ya fi kowa haƙuri. Amma ba shi da baki. In bai samu baki ba, ba zai ci jarrabawa ba."

Ta yi mini bayani. A kan ruwa dokarsu ɗaya ce. In ka ga mutum zai shiga haɗari, sunansa za ka fara kira da iyakar ƙarfinka, sannan umarni, kalma ɗaya ko biyu. Babu sallama, babu don Allah, babu in ba damuwa. Balki kuwa, ranar da wani ɗalibi ɗan'uwanta ya nufi kan dutse da kwalekwale, sai da ta ce masa ya yi haƙuri kafin ta gaya masa akwai dutse. Kafin ta gama ba shi haƙuri ya riga ya bugi dutsen.

Na yi dariya har da hawaye. Da na juya na ga Balki ba ta dariya, sai na daina.

Daga nan muka shiga neman murya. Gidan bene ne, in ka yi atishawa maƙwabci ya ce maka sannu, don haka a jirgin ruwan da ke kai mutanen unguwarmu Manhattan, can cikin gari, muke yi. Duk ranar da aikina ya zo ɗaya da hanyarta, sai mu tsaya can baya wajen da inji yake ruri, ta riƙe ƙarfe ta riƙa kiran sunaye cikin iska. Da farko sunayen Turawan ajinsu take kira, bakin ba ya buɗewa. Rannan na ce mata, "Kira nawa."

"Anti?"

"Ba Anti ba. Sunana na yanka. Na ara miki."

Ta rufe fuska da hijabi. Sai da muka kusa sauka, sannan na ji an ce "Sa'adiyya! Tsaya!" da wata irin murya da ta sa na ƙame a inda nake, wani Bature mai riƙe da kofi ma ya tsaya cak. Muka dubi juna ni da ita muka fashe da dariya. Na ce mata, "To, kin samu. Amma a bar ta a kan ruwa, kar a shigo mini da ita gida."

Na ga yarinyar nan ta canza a gabana. Suka tafi kwanan daji can arewacin gari, ta dawo ta yi baƙi, sauro ya yi mata kaca-kaca, tana ba ni labarin yadda ta kunna wuta cikin ruwan sama. Wadda da ba ta iya cinye malmala ɗaya, yanzu sai ta nemi ƙari. Tafiyarta ta yi sauri, har ni nake cewa ta jira ni a hanyar bas. Ta samo wata rigar ninƙaya mai rufe jiki duka har kai, ta ce ta haye tafkin makarantarsu ta dawo ba ta huta ba. Ta ce ranar da aka fara kifar da ita da gangan don ta koyi fitowa, mahaifinta ta gani a ƙarƙashin ruwan, ta fito tana kuka, amma ta ce a sake. Na ji daɗi, kuma na ji tsoro, don na san gidan da za ta koma.

A gaban Baffanta kuwa babu abin da ya canza. Yana shigowa za ta zube ƙasa ta gaishe shi, muryar nan ta koma inda ta fito. Shi kuma alfahari da ita yake yi ba kaɗan ba. A wurin jiran fasinja na JFK babu direban da bai ji labarin 'yarsa da ke koya wa Turawa ruwa ba, alhali ita ake koya wa. Ya kuma fara wani abu a ɓoye. Duk makon da aiki ya yi kyau, sai ya biya wani kanti ya sayo rigar kariya ta yara, masu ruwan lemo, ya jera a wani kwali a bayan kayana a cikin wardirob. Ya ce kar in gaya mata, sai ranar da za ta tafi. Wani lokaci in shigo in same shi ya ɗauko ɗaya yana duba igiyoyinta, yana ganina sai ya mayar ya ce ƙura yake kakkaɓewa.

Jarrabawar ƙarshe ta faɗo a watan Oktoba. Kowane ɗalibi zai kawo mutanen da ba su taɓa shiga kayak ba, ya jagorance su a kan ruwa, malamai suna gefe suna kallo ba sa cewa komai sai in abu ya ɓaci. Balki ta riga ta shirya da wasu matan gidanmu, Adjara da Mariatu, da 'yan matansu. Muna cin abinci ta faɗa, sai Baban Faruƙ ya ajiye cokali.

"Da ni za a yi. Zan zo da Abdul-Samed da Kadri."

Abdul-Samed ɗan Gana ne mai kanti a Stapleton, Kadri kuma direba ne, tare suke layi a filin jirgi. Na ga hannun Balki ya tsaya a kan kwano.

Na ce, "Alhaji, abin mata da yara ne fa. Ku bari in ta ci a yi muku naku daban."

Ya ce, "Sa'a, ni da aka haifa a bakin kogi? Ina hayewa da buhun gero a ka lokacin ba a haifi malamar tasu ba. Zan je in ga abin da 'yata ta koya."

Wannan labarin buhun geron na ji shi ya fi a ƙirga, kuma duk shekara kogin ƙara faɗi yake yi. Abin da na sani shi ne rabonsa da ruwan da ya wuce na banɗaki tun kafin a yi aurenmu, ga tumbi ya ajiye, ga hawan jini. Da muka shiga ɗaki na sake gwadawa, ya ce in ba na son zuwa in zauna a gida. Da safe na sami Balki a kicin ta ƙura wa tukunya ido. Na ce ta gaya wa Akosua ta hana shi. Ta ce, "Anti, in na ce a hana Baffa zuwa, da wane ido zan dube shi?"

Ranar Lahadi ce da hantsi, a wani bakin ruwa mai yashi inda ake hango babbar gada, manyan jiragen dakon kaya kuma suna wucewa ta can nesa. Akwai rana amma iskar tana cizo. Ni ban shiga ba, na ce aikina riƙon takalma da fulas ɗin shayi. Can cikin ruwa akwai wata jar alama mai yawo kamar tulu. Balki ta tara mutanenta ta yi musu bayani da Hausa da Turanci, ta ce babu wanda zai wuce jar alamar nan, don bayanta ruwa yana jan mutum zuwa hanyar manyan jirage, kuma in jirgi ya wuce yana turo igiyar ruwa mai kifar da kayak. Ta ce ruwan yana da sanyin da zai sandarar da hannun mutum kafin ya yi wani yunƙuri. Muryarta ta fita tas. Akosua tana gefe a cikin nata kwalekwalen tana gyaɗa kai.

Balki ta bi kowa ta ja igiyoyin rigarsa ta tabbatar sun ɗaure. Da ta zo kan Baffanta sai ta tsaya nesa, ta ɗan rusuna ta ce, "Baffa, a ƙara ɗaure ta." Ya ɗaure yana dariya, yana cewa Kadri ya duba yadda aka naɗe shi kamar dambu a leda.

Da farko komai ya tafi daidai. Adjara tana ihu tana dariya, kwalekwalenta yana ta juyawa a wuri ɗaya, Balki ta je ta gyara mata riƙon filafili. Abdul-Samed ya manne kusa da gaɓa yana ta hailala. Baban Faruƙ kuwa hannunsa ya tuna abin da ya sani, ya fara tuƙi da kyau, kuma na ga daɗi ya kama shi. Ya ƙwala wa Kadri kira ya ce ya zo su gwada. Kadri ya ce shi yana da iyali. Sai mutumin nan ya miƙe hanya shi kaɗai, ya nufi jar alama. Ina kallo ya tsaya ya kwance igiyoyin rigar don ta matse masa ciki, ta koma tana lilo a kafaɗunsa.

A daidai lokacin wani ƙaton jirgi mai ɗauke da kwantenoni ya ɓullo ta ƙarƙashin gada.

Balki ta busa usur. Bai juyo ba. Ta sake busawa, ta ɗaga murya ta ce, "Baffa! Don Allah a dawo!"

Ya ji. Na rantse ya ji, don ya ɗaga filafili sama ya kaɗa mata, irin yadda ake yi wa yaro alamar kar ya damu, ya ci gaba. Ta fara tuƙi ta bi shi, amma ya ba ta rata, kuma ba za ta iya barin mata da yara a baya su kaɗai ba. "Baffa! Baffa, ka yi wa Allah!" Ko a jikinsa. Ya wuce jar alama. Na ga Akosua ta saki abin da ke hannunta ta fara tuƙi da ƙarfi, amma ita ma ta yi nisa da shi.

Shekara ashirin da wani abu ina auren mutumin nan, ban taɓa furta sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ko a asibiti aka tambaye ni, katinsa nake miƙawa. 'Yan ƙannensa ma ba sa faɗa, balle 'yar da ya rena. Don haka da na ji shi ya taso daga kan ruwa, sai da fulas ya faɗi daga hannuna.

"Uwaisu! Tsaya! Juyo nan!"

Muryar jirgin Manhattan ce, wadda muka nemo tare, amma ta ninka. Ta daki ruwan ta dawo. Adjara ta dafe ƙirji. Abdul-Samed ya bar hailala bakinsa a buɗe.

"Uwaisu! Yanzu!"

Ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba, bayansa kawai nake gani. Sannan ya juya kan kwalekwalen a hankali ya fara dawowa. Ya wuce jar alama, ya wuce Akosua, ya wuce Balki bai dube ta ba. Yana isowa ruwa marar zurfi igiyar jirgin nan ta iso. Na ga ta taso ta rufe jar alamar ɗungum, ta ɓace, ta fito, ta sake ɓacewa, daidai wurin da yake ɗazu da riga a kwance. Kafin ta iso gaɓa ƙarfinta ya ƙare, ta ɗan jijjiga kwalekwalen mata suka yi 'yar ƙara. Ni na gani, Balki ta gani, Akosua ta gani. Mazan ba su gani ba, don fuskarsa suke kallo.

Ya fito ya cire rigar ya ajiye a kan yashi, ya karɓi takalminsa a hannuna ya tafi mota. Ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe sosai ba.

Balki ta ƙarasa aikinta. Ta dawo da kowa gaɓa, ta ƙirga su, ta tattara filafilai. Akosua ta rungume ta a gaban kowa tana cewa, "Ka ci! Wallahi ka ci! Yau ka zama malami!" Balki tana tsaye a cikin rungumar kamar itace, idonta yana kan motar.

Ni na ɗauka fushin kwana biyu ne. Da yamma ta zo ta durƙusa a ƙofar falo ta ce, "Baffa, na tuba, a yafe mini." Ya ƙara ƙarar talabijin. Washegari ta sake, ya tashi ya shiga ɗaki. Abincin da ta dafa ba ya ci, sai na ce ni na dafa.

Wataƙila da abin ya huce, ba don Kadri ba. Ba da mugunta ya yi ba, bakinsa ne ba ya riƙe abu. Ya ba da labarin a wurin jiran fasinja, yana kwaikwayon muryar. Kafin mako ya zagayo, duk lokacin da layi ya zo kan mijina sai wani daga baya ya ƙwala, "Uwaisu! Juyo nan!" a fashe da dariya. Yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba, waɗanda shi ya nuna musu hanyar gari, har da su. Mutumin da ake kira Alhaji tun kafin wasunsu su zo ƙasar. Daga nan labari ya haye teku. Mahaifiyar Balki ta kira tana kuka, ta ce a garin ana cewa an kai yarinya Amurka ta koyo kiran ubanta da gatsal a gaban maza, ta ce wace uwa ce za ta ba irin wannan ɗanta.

Rannan na kasa haƙuri na tare shi a ɗaki. Na ce, "Alhaji, ranka ta ceta. Na ga ruwan da idona."

Ya ce, "Kin ga na jiƙe?"

"Da ba ta kira ba fa?"

"Da na dawo da kaina. Ni na san ruwa." Ya zauna a bakin gado yana cire safa. "Ɗan'uwana ya mutu ya bar mini ita. Ban taɓa bari ta nemi abu ta rasa ba. Sa'a, a gaban Kadri. Kamar tana kiran ɗan da ta haifa."

Muryarsa ta karye a wurin, kuma na gane ba taurin kai ne kaɗai ba, ciwo ne na gaske yake ji. Wannan ne ya fi karya mini gwiwa, don da girman kai ne zalla da na san yadda zan yi da shi. Allah Ya gafarta mini, har cewa na yi a raina ina ma ya faɗa ruwan an tsamo shi, da yanzu ana sa mata albarka daga nan har Wudil. Ta yi aikin da kyau ƙwarai, har babu abin da ya faru, shi ya sa babu mai yarda akwai abin da zai faru.

Akosua ta zo da takardar shaida har gida, ta ce za ta yi masa bayani. Ya gaishe ta da mutunci, ya ce yana da fasinja, ya fita. Ta dube ni ta ce, "Amma yaron ka ya yi daidai fa. Ko gobe haka zan koya masa." Na ce na sani. Balki ta karɓi takardar da hannu biyu ta sa a ƙasan jaka. Na tambaye ta daga baya, in da za a sake, za ta kira? Ta ce, "Zan kira, Anti. Shi ne abin da ya fi damuna." Sai da na matsa kusa na ji, don muryar ta fara komawa gidan jiya.

Ranar tafiyarta shi ya ce zai kai ta. Da safe na leƙa wardirob na ga babu kwalin rigunan nan. Na leƙa ta taga na gan shi yana sa shi a but ɗin mota da kansa. Zuciyata ta yi sanyi, na ce alhamdulillahi, ashe dai zai sauko. Ban gaya wa Balki ba, na bar shi ya yi abinsa yadda ya tsara tun farko.

Muka tafi mu uku har JFK. Ya tsaya a inda ake sauke fasinja, ya fita ya buɗe but. Ya ɗauko jakarta ya ajiye, ya ɗauko ta biyu wadda na cika mata da tsaraba ya ajiye. Kwalin yana nan a kusurwa, bakinsa ya ɗan buɗe, ana hango ruwan lemon rigunan. Hannunsa ya tsaya a kan murfin but ɗin.

Balki ta zube a kan simintin nan mai sanyi, a gaban Turawa da 'yan sanda da masu tura kaya, ta ce, "Baffa, zan tafi. A sa mini albarka."

Ya dube ta. Tun ranar ruwa bai dube ta ba sai lokacin. Ya buɗe baki kamar zai yi magana. Can wata tasi ta wuce ta gefenmu a hankali, direban ya danna ham ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Ban san ko gaisuwa ce kawai ba. Fuskar mijina ta rufe. Ya ja murfin but ya rufe a kan kwalin.

"Have a safe flight, ma'am," in ji shi, da muryar da yake sallamar kowane fasinja. Ya zagaya ya shiga mota.

Na ɗaga ta na rungume ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wani abu a kafaɗata, na ce, "Me kika ce?" Ta sake faɗa, ban ji ba. Ɗan sanda ya ce mu matsar da mota, ta ja jakunkunanta ta shiga.

Balki ta samu jami'a daga baya, tana karanta abin da aka ba ta. Takardar tana ƙasan akwati. Ta gwada sau ɗaya ta je wurin Sarkin Ruwa da kanta, ya ce ta je ta zo da bakin Baffanta. Yara suna nan suna haye kogin zuwa makaranta kamar da, kuma duk damina in waya ta yi ƙara daga gida sai gabana ya faɗi.

Kwalin bai dawo wardirob ba. Yana nan a but ɗin tasi. Na gan shi rannan da zan sa cefane, kwalin ya fara yagewa, ya nannaɗe shi da salatif. Fasinjoji suna ƙorafi ya cinye musu wurin kaya, shi kuma ya ƙi sauke shi. Kullum yana kai rigunan nan filin jirgi, ya dawo da su gida.